Mikin da ya ƙi warkewa bayan dawowa daga Arewa: yadda garkuwar jiki ke fama da lishmaniya, da abin da ya kamata a yi

A ɗauki misalin mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko mai dabbobi a Oko-Oba ta Agege. Ya je gida ya yi wata biyu ana aikin gona, zafi ya sa yana kwana a tsakar gida, ya dawo Legas lafiyarsa ƙalau. Bayan mako huɗu ko shida sai ɗan ƙurji ya fito masa a dantse ko a ƙwauri, kamar cizon sauro. Ba zafi, ba zazzaɓi. Ƙurjin ya yi tauri, ya faɗaɗa, tsakiyarsa ta fashe ta yi ɓawo, gefensa ya tashi ya kewaye shi kamar bakin randa. An sha kafso daga kemis, an shafa mai, an barbaɗa gari, wata uku miki na nan inda yake.

Cikin abubuwan da ke kawo irin wannan miki akwai cutar lishmaniyasis. Ƙwayar da ke haddasa ta, lishmaniya, ta fi iri 20, kuma wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke ɗauke da ita, ana ce masa ƙudan yashi. A Afirka ta Yamma irin da aka fi samu shi ne lishmaniya mejo, mai tsayawa a fata, kuma yankinsa busasshiyar ƙasa ce: Senegal, Mali, Burkina Faso, Nijar da arewacin Najeriya. Ba a san Legas da ita ba, galibi ɗauko ta ake yi a zo da ita. Shi ya sa likitan da ke aiki a nan zai iya yin shekaru bai gan ta ba, kuma ba za ta faɗo masa a rai ba sai an gaya masa inda aka je.

Abin da ya bambanta wannan cuta da sauran gyambuna shi ne wurin da ƙwayar ke zama. Tana shiga cikin ƙwayar garkuwar da aka turo ta kashe ta, ta mai da ita ɗakin kwana. Sai da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa kafso ba ya aiki, da dalilin da ya sa wani man shafawa ke ƙara lalata mikin, da inda ya kamata a kankaro samfurin gwaji.

Daga cizo zuwa kwanakin farko

Ƙudan yashi tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka a kunne, kuma macen ce kaɗai ke shan jini. Ba ta soka tsinke cikin jijiya kamar sauro. Yayyaga fata take yi har jini ya taru ya zama ɗan tafki, sannan ta sha. Ƙwayoyin cutar da ke cikinta kan toshe mata maƙogwaro da wani abu mai yauƙi, dole ta amayo su cikin raunin kafin jini ya wuce, kuma takan ciji wuri biyu ko uku kusa da juna tana neman ƙoshi. Wannan ne ya sa ake ganin mikuna a jere ko a cunkushe a hannu ɗaya. Yawunta ma na da nasa aikin: yana hana jini daskarewa, yana buɗa ƙananan jijiyoyi, yana kuma kiran ƙwayoyin garkuwa su taru a wurin.

A wannan mataki ƙwayar doguwa ce mai bindi. Farkon abin da take gamuwa da shi wasu sunadarai ne da ke yawo cikin ruwan jini, likitoci na ce musu kwamfiliment, aikinsu huda jikin baƙo. Cikin mintuna suke kashe mafi yawan ƙwayoyin. Waɗanda suka tsira suna da kauri a bayansu, suna kuma da wani sinadari mai suna GP63 da ke gutsure sunadarin da ya manne musu. Guntun da ya rage sai ya zame musu tikitin shiga: ƙwayoyin garkuwa su gan shi su haɗiye ƙwayar salin-alin, ba tare da an buga ƙararrawa ba.

Cikin sa'a ɗaya zuwa 'yan sa'o'i nutirofil ke isowa. Su ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum, kuma su ne 'yan gaba-dai gaba-dai a kowane rauni. Suna haɗiye ƙwayoyin cutar, suna kashe wasu, suna watsa wani irin tarko mai kama da yanar gizo. Amma nutirofil ba ta da tsawon rai. Lishmaniya kan ja mata kwana zuwa biyu ko uku, daidai lokacin da manyan masu shara za su iso. Manyan masu sharar su ne makirofej, ma'anar sunan babban maciyi. Aikinsu na yau da kullum kwashe gawawwakin ƙwayoyin jiki, kuma idan makirofej ta haɗiyi gawar 'yar'uwarta ba ta ɗaukar abin a matsayin yaƙi, sai ma ta saki sinadaran kwantar da tarzoma. Ta nan lishmaniya ke samun shiga a ɓoye cikin gawa, ko ta fito daga nutirofil da ke mutuwa ta faɗa cikin makirofej da aka riga aka sanyaya wa jiki.

A cikin makirofej akwai wata jaka mai tsami da ake narkar da duk abin da aka haɗiya. Nan ne kabarin yawancin ƙwayoyin cuta. Ita lishmaniya cikin kwana ɗaya zuwa uku sai ta yar da bindinta, ta dunƙule ta zama 'yar ƙwallo mai faɗin mikiromita 2 zuwa 4, wato kamar rabin jar ƙwayar jini ko ƙasa da haka, ta saba da tsamin, ta shiga rabuwa biyu-biyu. Jakar ta cika, makirofej ta fashe, maƙwabta su haɗiye abin da ya zube. Duk makonnin nan mutum yana Legas yana kasuwarsa, bai san ana yi ba.

Inda ake yanke hukunci

Makirofej na da ƙarfin kashe abin da ke cikinta, umarni ne babu. Umarnin daga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T yake zuwa, kuma kafin su sani sai an kai musu labari. Masu kai labarin su ne ƙwayoyin dendiritik da ke zaune a fata. Sukan ɗauki guntun ƙwayar cutar su bi hanyar ruwan jiki har kaluluwar hammata ko ta matsematsi, su nuna wa ƙwayoyin T masu alamar CD4. Idan suka haɗa da sakin sinadarin IL-12, ƙwayoyin T kan zama irin da ake kira Th1. Waɗannan su hayayyafa, su gangaro wurin cizon, su saki intaferon-gama. Shi ne ke tashin makirofej daga barci, ta fara haɗa guba mai ƙona abin da ta ɓoye.

Akwai wani abu mai ban sha'awa a nan. Makirofej na da wani sinadarin gina jiki mai suna ajinin. Idan intaferon-gama ya ba da umarni, da shi take yin iskar naitirik oksaid mai kashe ƙwayar cutar. Idan kuwa umarnin ya fito daga ɗaya ɓangaren, wato Th2 masu sakin IL-4 da IL-13, sai ta juya ajinin ɗin ta yi abincin da ƙwayar cutar ke buƙata don hayayyafa. Gari ɗaya, ko a dama guba ko a tuƙa wa baƙo tuwo. An gano wannan ne a shekarun 1980 a kan ɓerayen gwaji iri biyu: baƙaƙen sukan bi hanyar Th1 su warke, fararen da ake kira BALB/c su bi Th2 cutar ta cinye su.

Littattafan makaranta sun so wannan labari har sun wuce da shi gona da iri. A jikin ɗan Adam abin bai rabu gida biyu tsaf haka ba. Cikin miki ɗaya ana samun sinadaran ɓangarorin biyu, kuma wanda ya fi taka rawa wajen hana warkewa shi ne IL-10, sinadarin da ke cewa a tsagaita. Jiki na buƙatarsa don kada yaƙi ya cinye gida, ita kuma lishmaniya ta iya tsokano shi.

Mikin kansa yana fashewa ne lokacin da ƙwayoyin T suka iso. Sinadarin TNF da ƙwayoyin T masu alamar CD8 suna kashe makirofej da suka kamu, fatar da ke sama ta mutu ta rufta. Wato ramin da kake gani a hannunka, rabinsa aikin garkuwarka ne. Ana gane haka idan aka dubi gefe biyu na cutar. A Habasha akwai wani nau'i da ƙwayoyin T ba sa motsawa ko kaɗan: ba miki, sai ƙulle-ƙulle a fuska da gaɓoɓi kamar kuturta, cike maƙil da ƙwayoyin cuta, kuma yana da wuyar magani. A ɗaya gefen, a Barazil, Bolibiya da Peru, akwai nau'in da garkuwa ke wuce iyaka har ta cinye guringuntsin hanci da ganɗa, alhali in aka duba ƙwayoyin cutar 'yan kaɗan ne. Irin namu na lishmaniya mejo a tsakiya yake: yakan warke da kansa cikin wata 2 zuwa 8, ya bar tabo mai lotsawa har abada.

Ko bayan warkewa 'yan ƙwayoyi kan rage a tabon da cikin kaluluwa, garkuwa na tsare da su. Wannan ragowar ce ke sa wanda ya taɓa yi da wuya ya sake kamuwa da irin wannan nau'i. Mutanen Gabas ta Tsakiya sun daɗe da lura da haka, har sukan shafa ruwan miki a cinyar yaro da gangan don kada tabo ya fito masa a fuska, kuma Iran ta yi wa ɗimbin mutane irin wannan da ƙwaya mai rai a lokacin yaƙinta da Iraƙi a shekarun 1980. Har yau dai babu allurar rigakafin da aka amince a yi wa mutane. Ragowar nan kuma ita ce ke farfaɗowa idan garkuwa ta faɗi bayan shekaru.

Abin da za a yi da mikin

Fara da baki. Kafin likita ya tambaya, ka gaya masa tafiyarka ta shekara guda da ta wuce, da wata da wuri. Misali: “Likita, na je gida Sakkwato a watan Yuli, na yi wata biyu, a waje nake kwana. Ƙurjin ya fito bayan na dawo da kamar mako biyar. Ba ya zafi. Na sha maganin kemis sau biyu bai canja ba.” Idan ka je Nijar, Libiya, Aljeriya, Sudan ko Saudiyya, ka faɗa, domin duk akwai cutar a can. Ka nemi takardar turawa zuwa likitan fata. Asibitocin koyarwa, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, suna da likitocin fata.

Ido kaɗai ba ya isa, don akwai masu kama da ita. Gyambon Buruli, wanda ake samu a wasu jihohin kudu, shi ma ba ya zafi, amma gefensa ɓurme yake ta ƙarƙashi, ba tasowa yake ba. Akwai tarin fuka na fata, gyambon masu sikila a idon sawu, na masu ciwon suga, da kansar fata. Maganin kowanne daban.

Gwajin ba mai tsada ba ne, kuma launin da ake rina jini da shi wajen neman zazzaɓin cizon sauro, wato Giemsa, shi ake amfani da shi. Inda ake kuskure shi ne wurin ɗaukar samfuri. Tsakiyar miki matacciyar fata ce da mugunya, babu abin da za a gani. Makirofej masu ɗauke da ƙwayar suna gefen da ya taso. Ma'aikaci zai zaɓi mikin da ya fi sabunta, ya wanke shi, ya cire ɓawo, ya matse gefen tsakanin yatsu biyu har jini ya janye, ya yi 'yar tsaga ta 'yan milimita da aska, ya kankaro naman ciki ya shafa a gilashi siriri. Jini in ya yi yawa yana rufe komai. A bar shi ya bushe, a kafe shi da metanol, a rina, a duba da babban madubi mai mai. Abin nema 'yar ƙwallo ce mai ɗigo biyu a ciki, babba zagayayye da ƙarami kamar sanda. In ba a ga ƙaramin ba, kada a yanke hukunci. Ya kamata a yi gilashi biyu ko uku daga wurare daban.

Sakamakon “ba a gani ba” a tsohon miki ba ya wanke mutum. Miki mai wata biyar ko shida garkuwa ta riga ta kashe mafi yawan ƙwayoyin, don haka sai a yanki ɗan nama na milimita 4 a kai ɗakin gwaji, ko a yi gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin halittar cutar, inda ake da shi, wanda ke iya faɗin nau'in ma. Gwajin jini na neman sinadaran kariya ba shi da amfani sosai a mikin fata, saboda yaƙin a fata ya tsaya. Duk wanda mikunansa suka yi yawa ko suka ƙi warkewa, a duba masa ƙanjamau da suga.

Sai babban abin da ke ɓata lamari a Legas: man shafawa. Yawancin mayukan da ake sayarwa na “haɗi uku”, da na bilicin, suna ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwa. Duba kwalin. In ka ga an rubuta clobetasol, betamethasone ko dexamethasone, kada ya kusanci mikin. Kwanakin farko ja da kumburi za su ragu, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali ƙwayoyin T ne aka kora daga bakin aiki. Ƙwayar cutar ta samu fili, mikin ya bazu ya canja kama har likita ya kasa gane shi. Haka ƙwayoyin ƙiba irin su “sha ka fashe”. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke lokaci guda, ya gaya wa likita a rage masa a hankali. Kafso kuwa na ƙwayoyin bakteriya ne. Yana da amfani kawai idan mikin ya fara zafi, ya yi ja, yana zubar da mugunya, alamar wata cuta ta hau kai. Ruwan batir, toka, baƙin mai da sakiya ba sa kai wa ga ƙwayar da ke cikin makirofej, tabon kawai suke ƙara wa faɗi.

Kulawar gida mai sauƙi ce. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ko ruwan gishiri gram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a shafa Vaseline kaɗan, a rufe da bandeji mai tsabta, a canja kullum. Miki mai ɗan danshi ya fi saurin rufewa a kan wanda aka bari ya bushe ya tsage. Kowane mako a ɗauki hoto da waya, a ajiye rula a gefe.

Idan mikunan ba su kai huɗu ba, kowanne bai kai santimita 5 ba, ba a fuska ko kan gaɓa suke ba, kuma garkuwar mutum lafiya take, likita na iya zaɓar kulawa kawai, ko magani a kan mikin. Akwai allurar sinadarin antimoni da ake yi a gefen mikin har ya yi fari, mililita 1 zuwa 5, duk bayan kwana 3 zuwa 7, har sau biyar. Akwai daskarewa da ruwan naitirojin, sai dai a baƙar fata yakan bar farin tabo, ya kamata a faɗa wa mutum tun farko. Akwai na'urar ɗumama da ke riƙe digiri 50 na daƙiƙa 30, don ƙwayar ba ta jure zafi. Akwai kuma man paromomaisin na kashi 15 cikin ɗari, sau biyu a rana har kwana 20. Idan miki na kusa da ido, hanci, leɓe ko kunne, ko ƙulle-ƙulle sun fara jerawa sama a hannu, sai maganin da ke ratsa jiki duka. Allurar SSG, wato ta sinadarin antimonin nan, miligiram 20 ce ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato mai kilo 60 zai karɓi miligiram 1,200, mililita 12. Tana iya taɓa bugun zuciya, hanta da sauran kayan ciki, don haka aikin asibiti ne da gwajin zuciya da na jini, ba na mai allurar unguwa ba.

Magani ƙwayar yake kashewa, ɗinke fata aikin jiki ne. Mako na farko ko na biyu mikin kan yi kamar ya ƙaru. Alamar nasara ta farko ita ce gefen ya kwanta ya yi laushi. Ana sa ran rabinsa ya rufe wajen mako shida, duka kuma a wata uku. Mutane da yawa a tsakanin nan suke yanke ƙauna su koma kemis.

Idan ta shiga ciki

Nau'in da ke kisa shi ne kala-azar, sunan daga Indiya yake, ma'anarsa baƙin zazzaɓi. A 1903 likitoci biyu, William Leishman da Charles Donovan, kowanne a nasa ɓangaren ya bayyana ƙwayar a saifar marasa lafiyar da suka kamu a Indiya, shi ya sa ake ce mata lishmaniya donobani. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta sabbin kamuwa 50,000 zuwa 90,000 a shekara, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Yanzu gabashin Afirka ne cibiyarta: Sudan, Sudan ta Kudu, Habasha, Kenya, Somaliya. Jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama suna noma, tana cikin wuraren da ta fi ƙamari, don ƙudan can yana son baƙar ƙasa mai tsagewa da inuwar aduwa. Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 mutane da dama sun dawo gida, wasunsu sun gangaro Legas neman abinci.

A wannan nau'i ƙwayar ba ta tsayawa a fata. Tana bin jini zuwa duk inda makirofej suka yi yawa: hanta, saifa da ɓargo. Hanta kan yi ƙoƙari, ƙwayoyin T su kewaye waɗanda suka kamu su yi musu ƙawanya. Saifa ce ke kasawa. Intaferon-gama na nan, amma IL-10 ya yi yawa har makirofej ba ta jin kira, ƙwayoyin T kuma su gaji su daina amsawa. Ƙwayoyin B su yi ta zubo sinadaran kariya ba ƙaƙƙautawa, jini ya cika da su, amma ba sa isa ga abin da ke ɓoye cikin jaka. Saifa ta kumbura har ta sauko cibiya tana tare ƙwayoyin jini, ɓargo ya raunana. Jajayen ƙwayoyi su ragu mutum ya ɗashe, masu daskarar da jini su ragu a fara haɓo da zubar jini a dasashi, farare su ragu ciwon huhu, gudawa ko tarin fuka su samu ƙofa. Galibi waɗannan ne ke ƙarasa mara lafiya. Mafi yawan waɗanda ƙudan ya ciza ba sa kwanciya ko kaɗan. Masu faɗuwa su ne ƙananan yara, masu tamowa da masu ƙanjamau.

Alamun kan fito bayan wata 2 zuwa 6, wani lokaci har fiye da shekara. Ƙa'idar da za a riƙe: zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama, da kumburin saifa, ga wanda ya zauna a yankin cutar, kuma an yi maganin zazzaɓin cizon sauro bai sauka ba. A nan Legas irin wannan mutum yakan sha maganin taifot zagaye uku kafin wani ya taɓa cikinsa.

Sinadaran kariyar da ba su kare shi ba, su ne ke tona asirin cutar. Gwajin rK39 ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti 10 zuwa 20. Yana da iyaka uku: bai kai kaifi a gabashin Afirka kamar a Indiya ba, yana iya nuna babu ga mai ƙanjamau saboda jikinsa ya kasa yin sinadaran, kuma yakan ci gaba da nuna akwai shekaru bayan warkewa, don haka ba a gane dawowar cuta da shi. Tabbaci shi ne ganin ƙwayar a ruwan ɓargo, kaluluwa ko saifa. Na saifa ya fi kaifi, sama da kashi 90 cikin ɗari, amma ba a yin sa idan masu daskarar da jini sun gaza 40,000, saboda zubar jini a ciki.

Ga wanda ya ɗauko ta a gabashin Afirka, maganin da aka daɗe ana farawa da shi SSG ne miligiram 20 haɗe da allurar paromomaisin miligiram 15 ga kowane kilo, kullum har kwana 17. Mai ciki, tsoho da wanda ya galabaita sosai ana ba su AmBisome ta ƙarin ruwa. Abu biyu ke lalata wannan magani mai tsada: zafi, don ba a ajiye shi sama da digiri 25, da haɗa shi da ruwan gishiri, don cikin ruwan suga na kashi 5 kaɗai ake sa shi. Miltefosin na sha ne, kwana 28, a sha bayan an ci abinci saboda amai, kuma yana nakasa ɗan tayi, dole mace ta tsare ɗaukar ciki lokacin sha da watanni bayansa. Zazzaɓi kan sauka cikin makon farko, cin abinci ya dawo, saifa kuwa sai a hankali. Ana bin mara lafiya har wata shida.

Magani ba ya share ƙwayar kakaf, rage ta yake yi har ƙwayoyin T su karɓi ragamar. Mai ƙanjamau da CD4 ɗinsa ya gaza 200 ba shi da masu karɓa, shi ya sa cutar ke dawo masa sau da sau. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, don kowace cikin cututtukan biyu tana ƙara wa ɗayar ƙarfi. Tun 2022 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga irinsu a gabashin Afirka ita ce a haɗa AmBisome miligiram 5 ga kowane kilo, sau shida ana tsallake rana ɗaya, da miltefosin na kwana 28, a kuma fara maganin ƙanjamau da wuri.

Ko an warke tsugune ba ta ƙare ba. A Sudan wajen rabin waɗanda suka warke, cikin wata shida sukan ga ƙuraje ko fararen tabbai sun fito a kewayen baki sun bazu fuska da ƙirji. Garkuwar da ta farfaɗo ce ta tarar da ragowar ƙwayoyi a fata ta far musu. Yawanci yana bajewa da kansa cikin shekara, amma ana rikita shi da kuturta ko ƙyanda, kuma shi ma ba a shafa masa man da ke danne garkuwa.

Lokacin tafiya gida

Ƙudan yashi daga magariba zuwa asuba yake fita, ba ya tashi sama sosai, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, kuma iskar fanka ma tana hana shi sauka. Maɓoyarsa ramukan ɓeraye da gafiya, suri, tsagar bangon ƙasa da turken dabbobi. Ɓerayen dajin nan su ne ma'ajiyar lishmaniya mejo. Ƙananan ƙwarin da ke cizo a bakin teku a Lekki ko Badagry wasu ne daban, ba su ake nufi ba.

Gidan sauro marar magani yana iya ratsawa ta ramukansa, mai magani ne ke tare shi, kuma sai an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe. A kwanta a kan gado maimakon ƙasa, nesa da garke da bakin gona, a sa riga mai dogon hannu da yamma, a liƙe tsagar ɗaki. Ranar da ka dawo Legas ka rubuta kwanan watan a wayarka. Ƙurjin da ya fito cikin wata biyu ko uku bayan wannan rana ya kuma wuce mako uku bai baje ba, ko zazzaɓin da ya haura mako biyu ko da bayan shekara ne, da wannan kwanan watan za ka shiga wurin likita.